Ƙullin da Yamusa Ya Bari a Kaduna

Ni tela ne, kuma duk wanda ya ci kasuwar Jiwa a shekarun da suka biyo bayan samun 'yancin kai ya san rumfata. Ba don ɗinkina ba, wannan ko ni ba na yabonsa. Ni kaɗai ne mai rediyo a kasuwar. A lokacin in ka ce Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja kake nufi, inda manyan benayen nan suke tsaye kuwa gonakin doya ne da birai.

Cikin masu zaman rumfata babu wanda ya kai Yamusa naci. Mutumin Gbagyi ne, waɗanda muke ce wa Gwari, gajere, mai faɗin kafaɗa, kuma shi ne mai shelar Wakili, dattijon da ke riƙe da unguwarsu. In an aike shi sai ya tsaya a bakin kasuwa, ya buga ƙugensa, wato ƙarfen shela, ya ɗaga murya da yarensu: ku zo ku ji, ku zo ku ji. Allah ya ba bawan nan murya. Matan da ke rafi sukan sauke tulu su kasa kunne.

Amma shela ba ta ishe shi ba. Ya yi ajin yaƙi da jahilci, yana iya haɗa baƙi da kyar, kuma tun ranar da ya fara jin labarun duniya a rediyona zuciyarsa ta shige cikin akwatin nan ta ƙi fitowa. Da an gama labarai da Hausa sai ya juya wajen tsofaffin da ba sa jin Hausa sosai, ya mayar musu da yarensu, har da gyaran murya irin na mai karantawa. Yakan ƙara gishiri, ba na musu. In an ce ruwa ya ci gada a Lakwaja, a bakin Yamusa sai ya haɗa da rabin garin. Nakan ce masa, "Kai dai Allah ya kiyaye duniya ranar da aka ba ka rediyo." Shi kuma ya ce, "Tela, ranar tana zuwa, kai za ka ɗinka mini rigar."

Ranar kuwa ta zo, a farkon wata damina. Wata mota Landiroba ta tsaya a kasuwa, wani dogon mutum mai suna Malam Ibrahima ya fito da na'urar ɗaukar magana mai faifai biyu. Ya ce daga wani gidan rediyo yake a Kaduna, ya zo ɗaukar kiɗan gargajiya. Wakili ya sa Yamusa ya tara makaɗa. Da ya buga ƙuge ya yi kiran nan nasa, sai na ga baƙon ya juyo da sauri.

"Sake yi," in ji shi, ya miƙa masa abin magana kusa da baki.

Yamusa ya sake. Da aka mayar da faifai ya ji muryarsa tana fitowa daga na'ura, sai ya yi tsuru-tsuru, ya rasa inda zai sa hannunsa.

Malam Ibrahima ya ce masa, "Za mu buɗe fili da harshenku, mako-mako. Muna neman mai magana. Ka zo Kaduna kafin watan nan ya mutu a gwada ka."

To, ga inda igiyar take. A al'adarsu saurayi ba ya ɗaukar mata sai ya yi wa surukinsa noma shekara da shekaru, tun daga tada kunyar doya har girbin dawa. Yamusa yana neman Azumi, 'yar wani tsoho Maude, kuma wannan daminar ce ta ƙarshe. In ya saki fartanya a tsakiya, duk gumin da ya zubar a baya ya tafi a banza. Ya je ya durƙusa gaban tsohon ya faɗi buƙatarsa.

Maude bai yi faɗa ba, da ma ba mai faɗa ba ne. Da 'yar Hausarsa ya ce, "Ni ban hana ka ba, ɗana. Yarinya yana nan, gona ma yana nan. Wanda ya gama noma shi ne ya aura."

Na ce wa Yamusa ya bar ƙannensa a gonar ya tafi ko na mako guda ne. Ya ce suruki yana karɓar taimakon ƙanne in mai neman yana gaba, amma ba ya karɓar aike. Abin da ya ba ni haushi shi ne ban ga damuwa a fuskarsa ba ko kaɗan.

"Tela, ba ka san daji ba," ya ce. "In mutum ya ga fili yana so, ba ya da lokacin sharewa, me yake yi? Ya kama gamba ya ƙulla a gefen filin. Duk wanda ya zo ya ga ƙullin, ya san da mai shi, sai ya wuce. Ko shekara ta juyo ba mai taɓawa. Ni muryata tana cikin faifansu. Na riga na ƙulla."

Na ce, "Kaduna ba dajin Jiwa ba ce."

Ya ce, "Mutane ne a can ko ba mutane ba?"

Haka ya yi daminar nan yana noma yana karanta wa dawa labarun duniya. Masu wucewa sukan ji shi a gonar Maude yana cewa jama'a barkanku da war haka, ba kowa a gabansa sai kara.

Bayan an kai dawa rumbu, an sa ranar biki, sai ya zo na ɗinka masa rigar, fara mai aljihu biyu. Ya saɓa doya a kafaɗa don gaisuwa, ya taka har Abuja, ya hau babbar mota zuwa Kaduna. Abin da ya faru can shi ya ba ni labari da bakinsa.

A ƙofar gidan rediyon akwai dogon benci, samari zaune a kai kamar masu jiran likita. Masinja ya ce masa, "Oga yana ciki, zauna." Sai da rana ta karkata Malam Ibrahima ya fito.

"Haba Yamusa! Ina ka shige? Mun jira ka har muka gaji."

Ya nuna masa wani siririn saurayi mai suna Philip, ɗan yaren su Yamusa ne, ya yi makarantar mishan. Shi wannan da ya ji ƙishin-ƙishin za a buɗe filin, sai ya tare a gidan ɗan'uwansa, kullum yana kan bencin. Ranar da aka rasa mai magana aka leƙo, shi aka gani.

"Nan ba a ajiye wa mutum wuri," in ji Malam Ibrahima. "Kusan dukkanmu ta bencin nan muka shigo. Ka zauna, ka riƙe wa wannan waya, ka yi wa wancan fassara, wata rana a ce shigo."

Yamusa ya ce, "Amma Malam, muryata tana ciki."

"Tana ciki mana. Ai ita ke buɗe filin. Kowa yana yabonta."

Ya ce masa in zai iya zama a Kaduna ya riƙa zuwa, wataƙila wata rana Philip ya yi zazzaɓi. Yamusa ya ɗan kwana biyu a kan bencin. Philip bai ko yi atishawa ba, ga ranar biki tana matsowa, sai ya bar musu doyar ya dawo.

Na zaci zan ga mutum jiki a sanyaye. Ina! Bakinsa har kunne. Duk maganar benci ta bi iska, abu guda ya riƙe, cewa muryarsa ce ke buɗe filin. Mu da ba mu taɓa laluben tashar a lokacin da ake yin sa ba, ran Laraba da la'asar muka murɗa. Sai ga ƙuge, sai ga Yamusa: ku zo ku ji, ku zo ku ji. Kasuwa ta ɗauki sowa. Daga nan Philip ya karɓa da labarai.

Yamusa ya dube ni ya ce, "Ka ji ko? Ƙullina yana nan. Yaron nan aron filin aka ba shi."

Daga ranar ba Larabar da ta wuce shi. Zai sauke fartanya a bakin rumfata, ya zauna, ya ji kansa, ya gyaɗa kai. In kiran ya ƙare nakan ga leɓensa yana motsi zai ɗora, sai muryar Philip ta riga shi. Wannan abin yana ci mini rai, har na daina kallonsa a daidai wurin.

Kowace shekara yana shirin komawa. Bana Azumi ta haihu, baɗi idon mahaifinsa ya rufe, gonar gida ta dawo wuyansa. Da aka shiga yaƙin basasa Wakili ya ce in ya tafi wa zai yi masa shela, ga sanarwa kullum. Da damina ba ya motsi, da kaka kuma sai wani abu ya ɓullo. Farar rigar tana ƙasan akwati, sau biyu yana kawo mini ita ina buɗa ta a ciki.

A shekarar da aka fara cewa za a kawo babban birnin ƙasa dajinmu, furfura ta riga ta fito masa. Wata Laraba ya zo kamar kullum, ya zauna a wurinsa. Na murɗa rediyo. Maimakon ƙuge sai muka ji busar sarewa, mai daɗi kuwa, sabuwa fil. Tana ƙarewa wata yarinya ta yi sallama da yarensu ta shiga labarai.

Na yi kamar ina neman allura. Yamusa ya zauna har aka gama filin duka, wai ko sun mayar da kiran ƙarshe ne. Aka rufe da sarewar.

Ya dubi akwatin, sannan ya ce, a hankali, da muryar da ban san yana da irinta ba, "Tela, sun kwance ƙullin."

Ya tashi ya saɓa fartanyarsa. Har ya kai bakin rumfa sai ya juyo.

"Rigar nan, ka rage ta. Babban ɗana zai sa."