Bulok Biyu a Gindin Rumbu

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da na fara kai azumi, aka turo amalanke har tsakar gidanmu na Tsafe. Ina zaune ina ɓarar gyaɗa, kaji na zagaya ni, sai ga Yaya Bala, babban wanmu da ke koyon kanikanci a Gusau, yana ta "a hankali, a hankali" kamar an ɗauko mai jego. Abu biyu aka sauke a gindin rumbu, kowanne da ramuka huɗu a jere. Ɗaya baƙi ne, tsatsa ta fara cinsa, sai da ƙarti uku suka yi nishi kafin ya taɓa ƙasa. Ɗayan fari-fari kamar toka, Yaya shi kaɗai ya rungumo shi. Ya ce sunansu bulok, wato gangar jikin inji, inda fistin ke hawa da sauka. Yana da wata tsohuwar mota a garejin maigidansa, kuma ya ci alwashin shiga da ita tseren da samari ke yi bayan babbar Sallah, a wani fili wajen Bungudu.

Ni karatuna bai yi nisa ba, amma kunnena ba ya yar da magana. Duk ranar da Yaya ya zo gida, Kawu Mamman, ƙanen Inna, direban da ya tsufa a hanyar Gusau, sai ya jawo kujera 'yar tsuguno su dasa gardama, ina surfe ina saurare. Kawu na baƙin ƙarfe ne. Ya ce shi ne mai haƙuri, ko ruwa ya ƙare a lagireto ya tafasa, in ya huce sai ya tashi, in ramukan suka cinye a kai Gusau a ƙara musu faɗi, a sa fistin babba, ƙarfi ma ya ƙaru. Yaya kuwa farin, na alminiyam, yake so. Ya ce nauyin da aka rage a gaban mota shi ne gudu, shi ne kwana ba tare da hanci ya ja ka daji ba, ga saurin fitar da zafi. Kawu ya ce saurin fushi dai, zafi ɗaya in ya wuce kima sai fuskarsa ta karkace, gaskit ɗin da ke tsakaninsa da murfin inji ya ƙone, ka ɗaure noti da ƙarfi kuma zaren ya zame. "Wanga ɗan gata ne," in ji shi, "ba ya cin tuwon jiya." Yaya ya yi dariya ya ce ai ba dakon albasa zai yi ba, wuni ɗaya yake nema.

Mu yara ba ruwanmu. Baƙin ya zama turken ragon layya, farin kuma muka mai da shi gidan 'yar tsana, kowane rami ɗaki guda. In an tashi langa, can ne sha. Inna ce kaɗai abin ke damu, don sun tare mata wurin shanyar barkono, kuma kullum sai ta yi tuntuɓe. Wata safiya Yaya na saurin kama mota, ta tare shi a zaure da mita. Ya ce, "Inna, ɗaya kawai nike so, mai kyan. Gudan ki yi yadda kika ga dama da shi." Ya fice.

To, Inna mace ce da duk rayuwarta da hannu take auna alheri. Damin gero mai nauyi shi ne na kirki, turmi mai nauyi shi ne na gado, zane ma sai ta ɗaga ta ji kafin ta taya. Ta je ta jijjiga baƙin, ko motsi bai yi ba. Ta taɓa farin, ya gusa. Shi ke nan shari'a ta ƙare. Da mai zubin tukwane na 'Yankuzo ya biyo unguwa yana neman tsoffin kwanoni, ta ce ya ɗauke farin, ya narka, ya zubo mata tukunyar taro, don ta gaji da aro duk suna da biki.

Ana saura kwanaki kaɗan Sallah Yaya ya zo ɗaukar kayansa. Ya tarar da sabuwar tukunya tana ƙyalli a kan murhu, gefe kuma wasu bututun ƙarfe huɗu a jere, waɗanda ke cikin ramukan, mai zubi ya dawo da su don sun ƙi narkewa, ya ce ba zai ci haƙƙin kowa ba. Yaya ya tsuguna ya ɗauki ɗaya yana juyawa. Inna ta ce da fara'arta, "Ga naka can, ban bari ko ɗiya sun taɓa ba. Wancan holoƙon mi za ya yi ma?" Na jira faɗa, don Yaya ba shi da sanyin baki. Sai kawai ya ce, "Inna, tukunya ta yi kyau. Allah ya sa a ci lafiya." Ya kwance rago, ya kira ƙarti.

Da baƙin ya haɗa motar, ya kuma shiga tseren. Ba mu je ba, Kawu ne ya kawo labari, ya ce a miƙe ba laifi, amma kowace kwana sai an bar shi, ya ƙare cikin na baya. Kawu bai yi masa ba'a ba ko sau ɗaya. Shekara ta zagayo da hidimar aure da ta ƙanne, Yaya bai ƙara shiga ba. Kuma ya hana mu duka gaya wa Inna. Har ta koma ga Allah tana ba baƙi labarin yadda ta adana wa ɗanta ƙarfe mai kyau.

Yanzu 'ya'yansa a waya suke kallon tsere, suna kiran sunayen injuna da ban iya maimaitawa, filin nan na Bungudu kuwa an ce duk gidaje ne. Yaya ya yi furfura, in yana tuƙi har mai keke sai ya wuce shi. Tukunyar tana wurina. Duk Sallah in na tuƙa tuwo a ciki ya zo ya ci, sai ya ƙwanƙwasa gefenta da yatsa, ya saurara kaɗan, ya ce a ƙara masa miya. Ban taɓa tambayarsa abin da yake ji ba.