Mun Kai wa Baba Haruna Labarin Bashir

Ana sallame sallar asuba muka baro Madani, mu uku: ni, da wani tsohon abokin atisayena, da ƙanin marigayi Bashir. Masu bibiyata sun san Bashir ko da a hoto ne, dogon nan da tun yana saurayi ba a taɓa kai bayan hannunsa kan teburi ba a unguwarmu. Kwalara ta ɗauke shi lokacin yaƙi, sa'ad da asibitoci ke rufe. Mutum ɗaya ne bai ji ba: Baba Haruna, tsohon ɗan dakon auduga da ya koya mana kokawar hannu dukanmu. Ya yi gudun hijira da iyalinsa zuwa wani ƙauyen Hausawa gaba da garin Rusairis, ciwon suga kuma ya cinye masa ido a can. 'Yarsa Hajara ta ji labarin tuntuni, ta kasa faɗa masa. Ta aiko mana cewa kullum sai ya tambayi Bashir, don Allah mu zo da kanmu. Abin da ya fitar da mu ke nan.

A tasha mun sami hafila, ƙaramar bas ɗin nan da ake cusa mutane kamar gyaɗa a buhu. Kuɗin mota kuwa, abin da a da zai kai ka Damazin ya dawo da kai, yanzu ko Sinnar ba zai kai ka ba. Kumsari, wato yaron mota, yana ƙyasta yatsu yana karɓa, fasinja na miƙawa suna tsaki. Abokina ya fito da ƙwallon robarsa yana matsawa, don shi ko a gidan biki ba ya barin yatsunsa su huta. Wata tsohuwa ta daɗe tana kallonsa, can ta ce masa cikin tausayi akwai mai magani a garinsu da ya iya irin wannan ciwon. Muka yi dariya, ban da ƙanin Bashir. Shi tagar mota yake kallo.

Abin kallon ba mai daɗi ba ne. Hanyoyin ruwan da muka taso muna iyo a ciki ciyawa ta shaƙe su. Hawasha, wato gonakin da aka yanka wa manoma, wasu an yi ƙoƙari an zuba dawa, wasu ƙaya ce kawai ta tsaya a inda auduga ke fari fat a da. Nan da can ƙonannun motoci a gefen titi, awaki na kwance a inuwarsu. Shingayen bincike kuma ba iyaka: a sauka, a buɗe jaka, a koma.

A garin Hajj Abdalla muka tsaya karin kumallo. Ful ne, wato dafaffen wake, da man riɗi da albasa, burodin ya ƙanƙance har ana iya ɓoye shi a tafin hannu. Mai shayin ta ji muna Hausa, ta ƙara mana citta a kofi ba mu roƙa ba. Can gefe wasu samari sun kewaye wata ganga suna gwada hannu. Na yi niyyar kau da kai, sai na ga ɗaya ya sa ƙarfi ya juyar da fuskarsa waje, kafaɗarsa ta wuce gaba ta bar hannun a baya. Haka ƙashin damtse ke karyewa, kuma na taɓa jin ƙarar sau ɗaya a rayuwata, ba na fatan in sake. Na tashi na dakatar da su. Na ce masa idonsa kada ya bar hannunsa, duk inda hannu ya nufa ƙirji ya bi shi, gwiwar hannu kuma ta zauna kusa da haƙarƙari. Ya amsa mini da Larabci, kakansa da ke zaune a benci ya sa mini albarka da Hausa. Da na dawo, kwanon ƙanin Bashir na nan yadda aka ajiye shi.

A garin Makwar dai ruwa bai san an yi yaƙi ba. Yana ta zubowa daga madatsa da rugugi, masunta na jan taru, mata na soya kifi a bakin hanya. Nan muka fara tura wa juna aikin. Abokina ya ce ni ne babba, ni zan faɗa. Na ce ɗan'uwa ya fi cancanta. Ƙanin Bashir ya ce shi bai taɓa zama da Baba ba, sai bayan rasuwar wansa ya fara zuwa atisaye, bai ma san yadda zai fara ba. Har muka wuce Sinja, ƙasa ta koma baƙin laka, kukoki suka fara bayyana, ba mu tsayar da magana ba. Muka kwana Damazin wajen dangi, da safe muka haye kogi, muka hau bayan wata motar ɗaukar riɗi.

Ƙauyen bukkoki ne da dangar kara, an jingina dammunan riɗi ko'ina suna shan rana. Hajara ta tare mu a bakin danga, idonta ya riga ya cika. Ta ce a hankali, “Ban ce mishi komi ba. Cewa kawai na yi yaranshi na tahe.”

Baba na zaune kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa. Ya rame ƙwarai, jallabiya ta yi masa yawa, amma daga gwiwar hannu zuwa yatsu yana nan kamar saiwar kuka. Muka yi sallama tare. Ya ce kada kowa ya faɗi sunansa, a kife masa turmi. Aka kife, ya dasa gwiwar hannunsa a kai, ya buɗe tafi.

Ni na fara. Yana kamawa ya ce, “Idi! Ka yi ƙiba, kuma har yau da damtse kake ja.” Ya tuna mini abin da ya sha faɗa: mai tura hannu gefe da ƙarfin damtse jaki ne a gaban amalanke. Ka fara lanƙwaso wuyan hannunka ciki, ka ja abokin karawa zuwa gare ka kamar mai jan guga, sai hannunsa ya baro jikinsa tukuna ka kwanta da nauyinka. Ya nuna mini, makaho mai rawar jiki, kuma wallahi sai da na ji yatsuna na buɗewa.

Abokina ya zauna. Baba ya gane shi, ya bi hannun da yatsa har cikin gwiwa ya danna, abokina ya yi ƙara. “Kullum kana gasa, ko?” in ji Baba. Ya ce nama na ƙaruwa da sauri, jijiya kuwa tafiyar hawainiya take yi, wanda bai jira ta ba zai ajiye wasan tun bai tsufa ba. Ya hana shi jan ƙarfi har sai zafin ya tafi. Ya ce ya ɗaura bokitin yashi da ɗamara, ya rataya a babban yatsa, ya riƙa ɗagawa a hankali da wuyan hannu kaɗai, mara nauyi, sau da yawa. In an hau teburi kuma a ja da rabin ƙarfi, ana sauraron hannun juna.

Saura mutum ɗaya. Ƙanin Bashir ya durƙusa ya sa hannunsa cikin na Baba.

Fuskar tsohon ta washe gaba ɗaya. “Bashir! Ɗan banza, sai yau?” Ya damƙe hannun da hannu biyu yana dariya, yana cewa ya san wannan faffaɗan tafin ko cikin dubu. Hajara ta toshe baki da mayafi ta shige ɗaki. Baba ya gyara zama ya ce, “To, ja in gani.”

Saurayin ya ja. Baba ya ɗan hau kan yatsunsa, wuyan hannun saurayin ya karye baya nan take. Dariyar ta tsaya. Baba ya shafa gindin babban yatsan, inda Bashir ke da kanta mai tauri kamar ƙahon rago, ya tarar da fata mai laushi. Ya shafa ya sake shafawa.

“Wanga hannun gidansu ne,” ya ce, “amma ba nashi ba ne. Wane ne kai, ɗana?”

“Ƙaninshi ne, Baba.”

“Ina shi?”

Kaji na ta tono a gindin danga. Ƙanin Bashir ya kifa goshinsa a kan hannayensu da ke haɗe, kafaɗunsa suka fara rawa. Duk shawarar da muka sha yi a hanya ta tashi a banza, ba wanda ya furta kalmar.

Baba ya yi salati a hankali, ya maimaita. Bai saki hannun ba. Ya tambayi ciwon mene ne, wa ya yi masa wanka, ko an samu an yi masa sutura yadda ta kamata. Na ce maƙwabta ne suka yi, mutum kaɗan, cikin sauri, amma an sallace shi. Ya ce alhamdu lillahi. Muka ɗaga hannu muka yi fatiha. Sannan ya juya fuskarsa wajen danga, hawaye na bin gemunsa, ya ce shi da ya zauna yana jiran yaron nan ya zo ya ɗauki gawarsa. Aka kawo asida, wato tuwon can, da miyar kuɓewa busasshiya, ta huce a wurin.

Na ɗauka shi ke nan, sai bankwana. Amma bayan la'asar Baba ya sa aka sake kife turmin, ya kira ƙanin Bashir. Ya auna hannunsa da taƙi daga gwiwa zuwa wuya, ya ce ya fi na wansa gajarta. “Shi ta sama yake bi, ya hau yatsun mutum ya buɗe su, don yana da tsawo. Kai in ka bi hanyarshi kullum za a kayar da kai. Taka ƙugiya ce.” Ya nuna masa yadda zai juyo tafinsa wajen fuskarsa, wuyan hannu ya sarƙe da wuyan hannu, ya matso da kafaɗa kusa, ya jawo kokawar cikin ƙirjinsa inda gajere ke da iko. Suka yi ta yi. Saurayin na kuskurewa, tsohon na cewa a sake. Can sai hannun Baba ya tsaya cak a tsakiya, ya kasa gaba. Ya ce, “Yawwa. Nan ne gidanka, kada ka bari a fitar da kai.” Daga nan ya ce ya gaji, a kai shi ya kwanta.

Da safe da za mu tafi, Hajara ta ɗaura mana riɗi da garin kuka. Baba ya riƙe ƙanin Bashir ya ce, “Ka gai da mahaifiyarku. Ka ce mata ni ma an yi mini rashi.” Ni kuma ya ce in riƙa kawo masa yara yana taɓa hannunsu tun yana da sauran numfashi. Na ce in sha Allah, ina kallon ƙafafunsa da suka kumbura.

Mun iso Madani washegari da yamma, muka wuce gidan su Bashir kai tsaye da ƙurarmu. Mahaifiyarsu na zaune kan tabarma tana tsince wake. Ɗanta ya durƙusa ya isar da saƙon. Ta ajiye faifan, sannan ta ce, “Shi kaɗai ya rage bai yi mini gaisuwa ba. Yanzu na san Bashir ya tafi.”

Na shekara ashirin ina koya wa mutane yadda za su hana a kai hannunsu ƙasa. Wannan tafiya ta nuna mini cewa mun bar tsoho yana jiran mamaci don muna tsoron hawayensa, alhali ya fi mu iya ɗauka. Ku da kuke atisaye, ku ja a hankali, ku jira jijiyarku, kada ku ari salon wani don kuna ƙaunarsa. In kuma akwai wanda ya fara kama hannunku ya gyara muku riƙo, yana wani ƙauye da waya ba ta shiga, ku nemi mota ku je tun yana iya gane ku. Allah ya jiƙan Bashir, ya ba Baba Haruna lafiya.