Kujerar da Kyamara Ke Kallo

A layinsu ba wanda ke ce masa mai aski, Kunne ake kiransa. Tun yana saurayi, duk ranar da majalisar ƙaramar hukuma za ta zauna sai ya rufe shago, ya kakkaɓe gashin rigarsa, ya je ya zauna a bencin jama'a, can ƙurya kusa da taga. Da yamma shagon ya cika maƙil. Har masu sanƙo zuwa suke, wai a gyara musu ƙeya. Shi kuwa ga almakashi a hannu yana zuba: wane kansila ya yi gyangyaɗi, wane ya bugi tebur, me aka yanke kan kwata da fitilun titi. Ba ya ƙari, a faɗi gaskiya, sai dai jan rai. Yakan tsaya a tsakiyar labari ya ce, "Juyo da kanka," sai an roƙe shi.

Ya san majalisar nan ciki da waje. In an zo yanke magana, shugaba kan ce, "Akwai mai ja daga cikin jama'a?" ko kai bai ɗago ba, ya buga guduma kafin mutum ya haɗiye yawu. Wanda bai ɗaga hannu a wannan numfashin ba, shi ke nan. Kunne ne ya koya wa rabin gari wannan.

Sai aka kafa kyamara a zauren, kowa ya koma kallon zaman kai tsaye a wayarsa. Shago ya yi tsit. Wannan kam Kunne ya haɗiye. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne ƙaninsa mai faci, mutumin da bai taɓa sanin hanyar majalisa ba. Ruwan sama ne ya kora shi ciki wata rana, ya faɗa kujerar da ya fara samu, ashe ita ce daidai bayan lasifika, inda kyamara ke kallo. Hamma kawai ya yi, wallahi, hamma! Washegari gari ya ɗauka, aka laƙaba masa Ɗan Majalisa. Tun daga nan bai sake fashin zama ba.

Kishi ya ci Kunne ya cinye. Shekara da shekaru yana ƙurya yana kashe kunne, ba wanda ya taɓa ganin ko inuwarsa, ga wani da baƙin mai a farce yara na binsa suna ɗaukar hoto. Har matar Kunne, tana tankaɗe, ta ce, "Yau ƙaninka ya yi kyau a shuɗiyar riga." Bai ci abinci ba ranar.

Ana nan sai maganar faɗaɗa titi ta taso, za a rushe jerin shagunan layin, da na aski da na faci. Dama ɗaya ce: wani ya ɗaga hannu ya nemi a saurari masu shaguna. Telan layin ya ce a tura Ɗan Majalisa, tunda shi aka sani.

"Shi aka sani?" in ji Kunne. "Ku tambaye shi sunan shugaban ma!"

Ranar zaman ya riga mai shara isa. Ya sa hular da ya daɗe yana ɓoyo, ya dasa kansa a kujerar nan. Da mai faci ya zo ya tarar da shi, ko a jikinsa.

"Zauna abinka, Yaya, ai kai ka san kan abin. Bari in je shagonka in kunna wa mutane zaman."

Wannan sauƙin kai ma haushi ya ba shi. Aka fara zama. Kunne ya kasa haƙuri, yana son ya ga yadda ya fito. Ya ɗora waya a cinya, ya toshe kunnuwansa biyu da abin sauraro, ya ce a ransa ai duk ɗaya ne, a nan ma yana jin komai. Ga shi kuwa a allo, tsaf da shi. Ya gyara hula, ya jira na cikin wayar ya gyara tasa, ya ji daɗi, bai tambayi kansa dalilin jiran ba.

Can ya ji shugaba a kunnensa: "Akwai mai ja daga cikin jama'a?" Ya miƙe zumbur, hannu a sama, waya ta faɗi ƙasa.

"Ni ina ja!"

Zauren ya juyo yana kallonsa. Kansilan da ke tsaye a lasifika maganar rumfunan kasuwa yake yi. Ashe hoton waya a makare yake zuwa, guduma ta riga ta sauka tun yana duba hularsa.

Da ya dawo, shagon ya cika kamar da, har bakin ƙofa. Ba wanda ya ce ya ba da labari, kowa ya gani. Tela ya tsayar da hoton daidai inda shugaba ke tambaya, Kunne a bayansa, kai a sunkuye, yana murmushi shi kaɗai.

Mai faci ya jawo masa kujerar aski ya zaunar da shi. Sai ya sassauta murya.

"Amma hular ta fito da kyau, Yaya."