Jan Kifin da Yayana Ya Bari

Shekaranjiya jikata ta samo buhun takin zamani da aka juye, ta tsoma shi a ruwa za ta wanke. Warin ya same ni ina zaune a bakin ƙofa. Wari ne mai hawa hanci, kamar na turken awaki da aka daɗe ba a share ba. Na ce ta kai ruwan can bayan gida ta zubar, kada ko kaza ta sa baki. Ta dube ni kamar ina faɗa a kan banza. Ban yi mata bayani ba. Ku zan yi wa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Sheme da Mairuwa. A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, wani kamfani ya zo aikin hanya, ya kafa sansani kusa da mu. Samari suka ajiye fartanya suka tafi leburanci. Yayana yana cikinsu. Shi aka sa ban ruwan furanni a gidan Baturen kamfanin, kuma a gidan akwai ɗan tafki na siminti da kifaye masu launi, waɗanda ba a ci, sai dai a tsaya a kalla. Da aiki ya ƙare Baturen zai tashi, ya ba yayana guda ɗaya. A bokiti ya kawo shi, ɗaure a bayan keke.

Ba mu taɓa ganin irinsa ba. Ja ne da fari, da ɗigon baƙi a ƙeya, da ɗan gashin baki kamar na tarwaɗa. Tsawonsa ya kusa kamu ɗaya. Yayana ya haƙa rami a lambunmu na bayan gida, ƙarƙashin gwaiba, ya shafe shi da ragowar siminti, ya cika da ruwa. Mutane suka yi ta zuwa kallo. Wasu suka ce kifin aljanu ne, wasu suka tambayi ko zai yi daɗi da yaji.

Ba a jima ba kamfanin ya koma kudu, can inda ake haƙo man, yayana ya bi su. Ranar tafiyarsa ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya ce, “Inna, ga kifina nan, a kula mini da shi har in dawo.” Inna ba ta ɗago ba. Tana tsince wake, ta ci gaba da tsincewa.

Kada ku ce ba ta son shi. Shi ne ɗan farinta. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, haka muka taso muka tarar. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, babu saƙo babu labari. Kowa a gidan yana iya tare direban da ya fito daga kudu ya tambaya, ban da ita. Kowa yana iya cewa yana kewarsa, ban da ita.

Sai ta koma wa kifin. Da sassafe ta kai masa dusa da gara. Da yamma ta zauna a bakin tafkin tana kaɗi, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Idan ya ci da kyau, ranar tana da walwala. Wani sanyi da kifin ya kwanta a ƙasan ruwa ya ƙi cin abinci, ita ma ta daina ci, har sai da ta kasa ɗaga taɓarya. A nan muka gane ta ɗaure ran yayana a jikin kifin nan. Yana iyo, ɗanta yana raye.

Baba bai so haka ba. Mutum ne mai kaushi, kuma ya yi karatun allo. Na ji ya ce mata, “Ran mutum ba a cikin kifi yake ba. Ki ji tsoron Allah.” Ta ce to. Da gari ya waye ta ɗauki dusarta.

Abin ya faru da bazara, lokacin da mangwaro ya nuna, ƙasa take ƙona tafin ƙafa. Rijiyar lambunmu ta ja baya. Sai an zura guga an jira kafin a samu rabi, rabin ma da laka. Ruwan sha a randa yake, Baba ya hana a taɓa shi don wanki.

A shekarun nan ne taki na buhu ya shigo mana, fari kamar gishiri. Buhunan sun fi takin daraja a wurin mata, don ana farke su a ɗinka shimfiɗar shanya. Inna ta tara wasu, da sauran gari a gindinsu. Babu ruwan wanki, ga tafkin kifi cike. Ta tsoma su ciki ta ɗauraye. Daga baya ta ce a zatonta abin da ke sa masara ta yi ƙiba ba zai cuci kifi ba, ƙila ma ya ƙara masa jiki.

Da hantsi aka aike ni tsinko yakuwa. Warin na fara ji. Sannan na ga kifin a saman ruwa, ya kwanta ta gefe ɗaya, farin cikinsa a waje. Bakinsa yana buɗewa yana rufewa a hankali. Kumatunsa, inda yake numfashi, sun yi jawur kamar an yanka.

Ban yi ihu ba. Na ruga na gaya wa Baba, yana ɗaura wa jaki mangala zai tafi kasuwar Sheme. Amma Inna ta ji. Ta riga mu isa. Ta tsaya a bakin tafkin, ta dubi kifin, ta dubi buhunan da ta shanya a kan dangan lambu. Sai ta zauna a ƙasa.

Ta ce, “Ni na kashe shi.”

Ba kifin take nufi ba. Duk mun sani.

Lambun da ke jikin namu na wani tsohon Bamaguje ne, abokin wasan Baba, wanda ya yi sana'ar su, wato kamun kifi, a ƙuruciyarsa. Tsoho muke ce masa. Ya leƙo ta saman danga, ya shaƙi iska, ya yamutsa fuska.

Ya ce, “Malam, wanga ya gama. Ku sa wuƙa tun bai yi wari ba, ko romo yara su sha.”

Baba ya ce, “Kai komai ka gani ciki kake kai shi. Dubi matar nan.”

Tsoho ya dubi Inna. Idonta a buɗe, ba ta ƙiftawa. Bai ƙara wasa ba. Ya tsallako dangan.

Ya ce a fitar da kifin daga ruwan nan yanzu. Na ɗauko daro, ya ce ƙarfe zafi yake ɗauka, a kawo kwatarniya. Muka mirgino babbar kwatarniyar da ake jiƙa dawa, muka ajiye ta a inuwar gwaiba. Sai maganar ruwa. Tsoho ya dubi Baba. Ruwa mai kyau a gidan na randa ne kaɗai, shi za mu sha, da shi za a yi tuwo da alwala. Baba ya shiga gida da kansa ya rinƙa kwasowa da tulu har randar ta yi ƙara.

Tsoho ya barbaɗa ɗan gishiri a ruwan, ya dama da hannu. Ya ce in jiƙa hannuwana kafin in taɓa kifin, busasshen hannu yana saɓule masa yauƙi. Ya ce hannunsa ya yi kaushi, na Baba ma haka, nawa ne daidai. Na sa hannu biyu a ƙarƙashin cikinsa na ɗago shi. Ya fi yadda na zata nauyi, kuma bai ko motsa ba. Kifi mai lafiya ba ya yarda a riƙe shi. Wannan ya kwanta a hannuna kamar jariri mai zazzaɓi.

A cikin kwatarniya, da na sake shi sai ya kife. Tsoho ya ce, “Kar ki bari ya kwanta, ɗiyata. Tsayar da shi yadda yake iyo. Ki riƙa tura shi gaba a hankali, ruwa ya bi ta bakinshi.” Ya ɗauki ƙwarya ya ɗebi ruwan, ya ɗaga sama ya tsiyayo, kumfa ta tashi. Ya ce kumfar nan ita ce iskarsa, kada a tsaya.

Ya miƙa wa Inna ƙwaryar. Ba ta karɓa ba, kamar ba ta gan shi ba. Baba ya karɓa ya sa mata a hannu, ya naɗe yatsunta a kai.

Ya ce, “Tashi. Ke aka bar wa amana, ba ni ba.”

Ta taso da gwiwa. Ta ɗiba, ta tsiyaya. Ta ɗiba, ta tsiyaya.

Rana ta hau. Ruwan kwatarniya ya soma ɗumi, ya yi yauƙi. Tsoho ya taɓa ya ce sai an rage an ƙara sabo, in ba haka ba aikin banza muke. Randa babu komai. Aka zura guga a rijiya, ya fito da laka. Tsohuwar rijiya ce, ba siminti, kuma tun bara gefenta yake zubewa. Ba mai shigarta. Baba ya cire riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ba Tsoho bakin igiyar ya naɗa a gindin gwaiba.

Tsoho ya ce, “Malam, in ta rufta, ni ba ni iya fiddo ka.”

Baba ya ce, “Riƙe dai.”

Daga inda nake durƙushe ina ganin bakin rijiyar. Ina jin ƙarar ƙwarya tana kankarar ƙasa a can ciki. Jefi-jefi yashi ya zubo daga gefe, in ji ya faɗa, sai shiru, sai kankarar ta ci gaba. Hannuwana suna cikin ruwa, ba halin in tashi. Gwiwoyina suka mutu. Yatsuna suka yi fari suka tattare. Ƙudaje suna bin idona, ba hannun kora. Awaki suna ta kuka a turke, ba a ba su ruwa ba. Jaki yana tsaye da mangalarsa a ƙofar gida.

Guga ya riƙa fitowa da jan ruwa. Tsoho ya tace da gefen rigar Baba, ya bari ya kwanta, ya ɗebe na sama ya zuba mana kaɗan-kaɗan. Aka kira azahar Baba yana ciki. Tunda nake ban taɓa ganin ya bar salla ta wuce shi ba.

Can numfashin kifin ya tsaya. Na ji shi a tafin hannuna, kumatun suka daina motsi. Na dubi Inna. Idonta yana kan fuskata, ba kan ruwan ba, daga fuskata take karanta labari. Na ɗaure fuska, na ci gaba da tura shi gaba ina dawo da shi, kamar ba abin da ya faru. Ban san tsawon lokacin ba. Sai bakin ya buɗe. Ya rufe. Ya sake buɗewa.

Inuwa ta fara tsawo lokacin da Baba ya fito, laka har gira, kafaɗarsa ta goge tana jini. Ya zo ya tsaya a kanmu. A lokacin ne wutsiyar ta buge ni a hannu. Bugu ɗaya, mara ƙarfi. Tsoho ya ce in sassauta. Na buɗe yatsuna. Kifin ya karkata kamar zai kife, ya gyara da kansa, ya tsaya. Ya zagaya kwatarniyar a hankali.

Inna ta ajiye ƙwarya. Ta ja mayafi ta rufe fuska. A cikin mayafin ta kira sunan yayana, sau ɗaya. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, ban kuma sake ji ba. Baba ya juya baya kamar yana neman takalminsa. Tsoho ya tsallaka dangansa.

Ranar da jan ruwa muka yi tuwo. Kifin ya kwana biyu a kwatarniya, muka kwashe tafkin muka wanke shi da yashi, ruwan sama na farko ya cika shi.

Na taɓa tambayar Baba, bayan na girma, yadda mai cewa a ji tsoron Allah ya shiga rijiyar da ke zubewa saboda kifi. Ya ce, “Ba don kifi na shiga ba.”

Yayana bai dawo ba. Wani ya ce ya gan shi a bakin teku yana dako, wani ya ce ba shi ba ne. Inna ta rasu bayan wasu shekaru, da damina, kifin yana iyo. Da saninta ɗanta yana raye ta tafi. Bayan ita Baba ne ya ci gaba da kai dusa da sassafe. Ba wanda ya tanka masa.

Yanzu ƙauyen babu kowa. Masu bindiga sun tashe mu, muna zaune a gefen Ƙanƙara a ɗakin aro. An ce gwaibar tana nan, tafkin ya cika da ƙasa. Yaran yanzu suna kiran sunan ’ya’yansu na fari a gaban kowa, suna goya su suna yi musu wasa. Ban ce laifi ba ne.

Nawa ɗan farin, a gona aka ɗauke shi, daminar bara waccan. Babu labari. Ya bar tunkiya guda, ita kaɗai muka iya korowa ranar gudu. An yi ta cewa in sayar, ba mu da wurin kiwo. Tana nan ɗaure a bayan ɗaki. Ni nake kai mata dusa da sassafe, kuma ruwanta sai na ɗanɗana kafin ta sha.