Ya Fi Tumuni

Shekarar da maigidana ya rasu, bazara ta same ni cikin takaba a gidanmu na Magariya. Zazzaɓi ne na ƴan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa. Ya bar mini yara uku: ta fari mace, tana aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, sai maza biyu ƙanana, autan ma bai daɗe da yaye ba. Aka ɗauko gwaggonsa daga ƙauye ta zo ta zauna da ni, kamar yadda ake yi. Na ajiye kwalli da turare da ƴan kunne, duniyata ta koma daga ƙofar ɗaki zuwa gindin darbejiyar tsakar gida.

Na yi kolej kafin aure, na kuma yi karatun addini daidai gwargwado, na san shari'a ba ta hana mai takaba fita da rana don lalura ba. Amma Gwaggo ba littafi take bi ba. Ko zaure na nufa don in kira yaro, sai in ji sandarta ta daki ƙasa.

"Ina zuwa, ƴar nan? Kabarin ɗana ko bushewa bai yi ba."

Sai in dawo.

Akwai wani ɗaurin da ya girmi takaba. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. "Ke" nake ce wa yarinyar, in ina ba da labarinta kuma in ce "yarinyar nan". Babanta ma ya kamata ya yi wannan kara, shi dai bai iya ba. A babur yake kai ta lakwal, shi yake duba mata kaye, littafin rubutunta, dangi suna yi masa tsiya yana dariya. Da ya tafi, sai ta zama ba ta da mai kiran sunanta a gidan sai ƙannenta.

Bayan sadakar arba'in yayan maigidana ya zo daga ƙauyensu na wajen Dantchiao, tare da malamin da zai raba gado. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ni ina bayan labule. Malam ya tara tsakuwa a gabansa, ya fitar da sudusi, ɗaya bisa shida, na Iya mahaifiyar marigayi, ya fitar da tumuni, ɗaya bisa takwas, nawa, ragowar ya kasa biyar: biyu na wannan yaro, biyu na wancan, ɗaya na mace. Yarinyar nan ita ke kai wa baƙi ruwa, ta tsaya da moɗa a hannu tana kallon tsakuwar har sai da Gwaggo ta kore ta.

Da aka shafa fatiha, Yaya ya matso bakin ƙofata ya yi gyaran murya.

"Uwar yara, idon Iya ya yi rauni, ba ta da mai ɗebo mata ruwa. Kin san ƴar fari ta kakanni ce tun asali. To amma marigayi ya ƙwallafa rai a kan karatunta, ba zan yi saurin tsige ta ba. In ta ci jarrabawar bana ta wuce aji, ta zauna nan. In ta faɗi, mu ma muna da lakwal, ko da ta zana ce, ta je ta maimaita a can. Ko kina da magana?"

Gwaggo tana zaune kusa da ni, idonta a bakina.

"Duk yadda kuka yanke, Yaya," na ce.

Washegari na karɓi kayenta na buɗe. Makonnin zaman makoki sun bar rami a ciki, inda ta koma kuma jan bik, biron gyaran malami, ya cika shafin. Sun shiga lissafin kaso: rabi, ɗaya bisa uku, ɗaya bisa huɗu. Na ce wa Gwaggo amanar marigayi ce, dole wani ya ci gaba da duba mata. Ta tauna goronta, ta ce in dai karatu ne ba shagwaɓa ba, to.

Da haka na sami abin da ban taɓa samu ba. Kullum bayan la'asar sai mu zauna a gindin darbejiya, gwiwarta tana taɓa tawa. Rabona da in ji ɗumin jikinta kusa haka tun tana goye. Ina jin ƙamshin man gyaɗar da ke kitsonta, ina ganin yadda take cizon leɓe in lissafi ya ƙi, kamar babanta. Fuskata dai a ɗaure, saboda Gwaggo tana daga rumfa tana kallo.

Da masa, wato waina, muka fara, amma ƙannenta suna cinye darasin tun ba a gama ba, sai muka koma karan gero. In karya kara biyu daidai, in ce rabi. In sake karya kowanne, in ce ɗaya bisa huɗu. Tana ganewa muddin karan yana hannunta. Da an koma kan arduwaz, allon rubutunta, sai lambar ƙasa ta yaudare ta, ta ɗauka mai babbar lamba shi ne babban kaso.

Wata rana ta ce, "Inna, ashe ke kika fi Iya samu. Ke ɗaya bisa takwas, ita ɗaya bisa shida."

Na ɗauko kara biyu masu tsawo ɗaya, na karya ɗaya gida shida, na karya ɗayan gida takwas, na ɗauki gutsure daga kowanne na jera mata a tafin hannu. Ta daɗe tana kallo.

"To su wa suka cinye miki?"

Gwaggo ta ƙyalƙyale da dariya har goro ya sarƙe ta. "Ke da ƙannenki mana, mai kan ƙwarya. Kun ƙarar mini da karan hura wuta a kan abin da kowace tsohuwa ta sani ranar rabon nama."

"Kaka, in kin sani, nawa ne rabin rabi?"

"Shi ne abin da zan bar miki in na kama ki."

Daga ranar ta kama zancen gado ta riƙe. Ta tambaye ni me ya sa nata ɗaya, na ƙannenta bibbiyu. Na gaya mata yadda aka gaya mini kuma na yarda da shi: rabon Allah ne, namiji shi zai ciyar, shi zai tufatar, nata kuwa nata ne ita kaɗai. Ta gyaɗa kai. Ta samo tsakuwarta, kullum sai ta zauna ta zama malam, ta kasa biyar, ta tura wa ƙannenta bibbiyu, ta ja ɗaya gabanta. Biyu bisa biyar da biyu bisa biyar da ɗaya bisa biyar, gona ta cika. Babu kason da ta iya kamar wannan, ni kuma na ji daɗi, don ajinsu ma bai kai nan ba. Littafin lakwal ba ya tambaya ko mace ce ko namiji in zai yi rabo, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa wannan abin faɗa ne ba.

Ranar jarrabawar lissafi na yi ta kai da kawowa tsakanin ɗaki da madafa. Daga gidanmu ana jin ƙarfen da ake bugawa in an tashi. Ta shigo da gudu, fuska duk alli.

"Inna, an kawo gona! Wai wani uba ya raba wa ƴaƴansa uku gona, kowa kaso nawa zai samu. Na duba sunayen, biyu maza, ɗaya mace. Irin namu sak."

"Me kika rubuta?"

"Biyu bisa biyar, biyu bisa biyar, ɗaya bisa biyar. Sauran duk ɗaya bisa uku suka sa. Na rufe takardata da hannu kada su kwafa."

"Allah ya yi albarka," na ce. "Je ki ci abinci."

Na san tambayar ita ce mai maki da yawa. Na san kuma in na tsaya gaban mushensu, malamin ajinsu, na yi masa bayani da Faransancin da ya rage mini, zai saurare ni. Lakwal ɗin ba ta fi tafiyar da ake yi zuwa famfo ba. Na sami Gwaggo tana tsince wake, na durƙusa na gaya mata.

Ba ta ɗaga murya ba. "Mai takaba, a gaban mushe, kuma a kan ƴar fari. Ki faɗa mini wanne daga ciki za a manta a garin nan."

Da ta shiga yin sallar azahar na zura hijabi na kai har zaure. Ta tsagar ƙofa na ga titi, rairayi yana ƙuna, wata akuya kwance a inuwar katanga, mai babur ya wuce da buhu biyu. Babu wanda ya riƙe ni. Na tsaya har ƙafafuna suka gaji, ina tuna fuskar Iya da za a kai wa labari, da ƴaƴana maza da za su girma a hannun mutanen nan. Na koma na cire hijabin na yi alwala.

Sakamako ya fito, kaɗan ya rage ta kai rabin jimillar maki da ake wucewa da shi. Mushe ya aiko maƙwabciyata ta ce mini ya gane abin da yarinyar ta yi, har ya ba ta rabin makin tambayar, amma makonnin da ta rasa sun ja ta ƙasa a sauran darussa, ya yi iya abin da zai iya. Na ce a yi masa godiya, har zuciyata.

Yaya ya zo da ruwan farko, ana shirin shuka. Gwaggo ta ba shi labarin gonar. Ya yi dariya.

"Ai ita ta yi daidai," ya ce.

Na riƙe bakin labulen, sai ya ci gaba.

"Amma an riga an gaya wa Iya. Tun da ta ji take gyaran ɗaki."

Sai na ji Gwaggo ta tofar da goro.

"Kai, da damina gidanku cike yake da masu noma, ruwa kuma ga shi a tabki. Me yarinya za ta yi muku? In an ba da babban hutu a riƙa kawo ta nan ta taya renon ƙannenta. Ba don uwar na faɗa ba, ita ba ruwanta."

Yaya ya ce ya ji. Aka tsaya a kan haka: ta ƙarasa daminar nan a wurina, in za a koma lakwal ta tafi.

Takabata ta ƙare, aka yi sadaka, na yi wanka na sa kwalli, Gwaggo ta koma ƙauye. Ƙofa ta buɗe mini, ina zuwa kasuwa, ina zuwa gaisuwa. Muka ci gaba da zama gindin darbejiya ko da babu jarrabawar da ke jiranmu, har gero ya fitar da kai, har aka fara yanka.

Ranar tafiya Yaya ya zo da kansa, ya ce mota tana lodi a tasha. Na ɗaure mata kayanta a zane, na sa kayen da arduwaz a tsakiya. Maƙwabta sun taru a tsakar gida yin sallama, ni ina ta kai da kawowa kamar wadda aiki ya sha wa kai. Uwa ba ta raka ƴar fari tasha. Iyakata zaure.

A nan ta tsaya, ta zaro guntun kara daga cikin kayanta, ta karya shi biyu, ta sake karyawa. Ta riƙe uku, ta miƙo mini ɗaya.

"Na lissafa, Inna. Wata uku cikin shekara, ɗaya bisa huɗu ne naki." Ta dube ni tana cizon leɓe. "Ya fi tumuni, ko?"

"Ya fi," na ce. "Ke, yi sauri, baffanki yana jira."

Ta bi bayansa da ƙunshin a ka. Na tsaya a zaure da karan a hannuna har suka sha kwanar famfo, sannan autana ya fara kuka a cikin gida, na koma.