Kafaɗar Da Ta Ƙi Shiga Riga

Shekara huɗu na yi ina buga bulo a bayan unguwar Gwallaga kafin in samu aikin koyarwa. Bulo ne ya fara buɗa mini kafaɗa, ɗaga ƙarfen da muke yi da yamma a wani kango ni da abokaina ya ƙarasa sauran. Ƙirjina ya faɗaɗa, damatsana suka cika, amma ƙuguna yana nan siriri kamar na ɗan sakandare. A wurin bulo babu wanda ya damu, singileti ce da gajeren wando. Sai da wata makarantar kuɗi a Fadaman Mada ta ɗauke ni in koyar da lissafi da motsa jiki, sannan na gane cewa jikin nan nawa ba shi da riga a kasuwa.

Kaftani bai taɓa ba ni wahala ba, tunda awo ake yi. Amma ba a tsere da yara a fili cikin shadda. Ƙananan kaya nake bukata, shet mai gajeren hannu da mutum zai yi aiki da ita, ya kuma shiga gari da ita. Kowace Asabar nakan je wurin masu gwanjo a kasuwar Wunti lokacin da ake kwance sabuwar dilar kaya. Wadda ta yi mini daidai a ciki sai ta maƙale a hammata, maɓallan ƙirji su rinƙa neman tsinkewa. Wadda ta shige kafaɗa kuwa sai ta zubo mini kamar buhun gero, in na cusa ta a wando ta taru a baya.

Wani mai gwanjo da ya gaji da ni ya ce, "Maigida, Turawan da suka sa kayan nan, mai ƙirji yana da tumbi. Kai ka zo da rabi ka bar rabi."

Na yi dariya tare da shi, na ɗauki matsattsu guda uku. Na fi son a ce ta kama ni da a ce na ari rigar wani.

Wata Laraba bayan la'asar ina dawowa daga makaranta a ƙafa ta Ƙofar Ran, sai 'yan sintiri uku suka tare ni. A lokacin ana yawan maganar 'yan sara-suka a unguwanni. Babbansu ya dubi damatsana da suka cika hannun riga, ya ce, "Kai, tsaya nan. Ɗaga rigarka."

Na ce, "Yallaɓai, malamin makaranta ne ni."

"Malami da wannan jikin? Ɗaga mu gani."

Rigar ta ƙi ɗaguwa saboda matsi. Sai da na ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya a bakin titi, mata masu tuyar awara suna kallo. Suka lalube ƙuguna suna neman wuƙa, suka zazzage jakata, littattafan yara da alli suka zube a ƙasa. Da ba su ga komai ba, babban ya ce in yi haƙuri, aiki ne. Ina durƙushe ina tsince littattafan na hangi mahaifin wata ɗalibata a cikin keke mai ƙafa uku, ya leƙo yana kallona har suka wuce.

Kwana biyu bayan haka shugabar makarantarmu ta kira ni ofis. Dattijuwa ce Kirista daga kudancin jiha, mai kirki, ita ce ma ta dage a ɗauke ni aiki. Na zauna, ta fara magana.

"Malam, ba ni da matsala da aikinka. Amma wasu iyaye sun yi magana. Sun ce shigarka tana ba su tsoro."

Na ce, "Madam, me na yi?"

"Ba ka yi komai ba, ɗana. Ka dai nemi riguna masu ɗan sauƙi."

Ban iya gaya mata cewa na fi wata shida ina neman su ba. Na yi godiya na fita.

A gida da na ba Inna labari, ba ta ga laifin kowa ba sai na ƙarfe. Ta ce, "Dama na sha gaya maka. Mutumin kirki me zai yi da wannan murɗewar? Ka bari jikinka ya koma irin na mutane." Maganar ta fi ta 'yan sintiri yi mini ciwo, amma na bi ta. Na daina zuwa kango. Abokaina suka yi ta aike har suka gaji. Na rage cin wake da ƙwai. Da yamma sai in zauna a ƙofar gida, hannuwana suna ƙaiƙayin abin ɗagawa, barcina ma ya lalace. Wata uku ina haka. Naman ya ɗan saki, amma ƙashin kafaɗa bai san an yi ba. Rigunan suna nan yadda suke.

Wani tsohon tela a Gwallaga na kai wa wandona ya sa mini zik, ya ga yadda nake jan hannun rigata ƙasa. Ya sa na juya, ya ɗora tef a bayana.

"Wa ya ce ka rinƙa sayen riga da awon ciki? Kafaɗa ba a ƙara ta, yaro. Sayo wadda ta zauna maka a nan, sauran aikina ne."

Na ce, "Baba, ai zubowa take yi."

"Ka kawo dai."

Na kai masa manya guda biyu. Ya farke gefe da gefe ya rage, ya kama bayan da ƙananan ninki biyu, ya bar hannun da faɗinsa. Da na sa, na ɗaga hannu sama babu abin da ya ja ni, na sunkuya babu abin da ya taru. Na tsaya gaban madubinsa mai tsaga, maimakon murna sai haushi ya kama ni. Ashe aikin rabin yini ne, ni kuwa na yi wata uku ina azabtar da kaina.

Madam ta ga sabuwar shigar ta gyaɗa kai, iyaye ba su sake magana ba. Ɗalibar nan da mahaifinta ya gan ni a bakin titi dai ba ta dawo ba a zangon da ya biyo. An ce sun canja unguwa, ban kuma bincika ba.

Na koma kango sau ɗaya. Na tarar an sayar da filin, an fara zuba tubali, abokaina sun watse, wasu sun koma wani wurin motsa jiki na kuɗi a can cikin gari. Har yanzu in zan fita nakan tsaya in duba ko hannun riga ya kama damtsena da yawa, kuma katin shaidar makaranta ba ya barin aljihuna ko ranar Lahadi ce.