Mai Goge a Bayan Gurgu

Tun safe yake yawo a kasuwarmu ta Faris, dogo, rigarsa ta ƙoɗe a kafaɗar da goge ke zama. Harshensa na baƙi ne. Ko kallon albasata ba ya yi. Barnabe, gurgun ɗan ga-ruwanmu, yake bi, idonsa ƙur a kan ƙafafunsa.

Na gane ciwonsa. Makaɗan sarkinmu ba sa kiɗa a miƙe, sai su ja sauti ɗaya su fizge na biye, kamar mai ɗingishi. Shi kuwa a miƙe aka koya masa a garinsu, kuma wannan ramar tasa ta wanda aka sha kora daga gwajin shiga makaɗan fada ce.

Barnabe na takawa yana jan ƙafa, shi yana gogawa yana fizga, gumi na ɗiga a haɓarsa. Da ya kusa kama salon, sai hannun ya koma halinsa.

Barnabe ya dire bokitai. "Kai ɗan iska, ƙafata ce abin wasanka?"

"Na rantse ba ba'a nake ba, baba. Gobe ne gwajin ƙarshe. In suka ƙi ni, na rasa inda zan nufa."

Mai gogen ya durƙusa cikin ruwan wankin kifi. "Taka min kaɗan. Zuwa rijiya kawai."

Barnabe ya ga duk kasuwa ta zuba masa ido. Ya sunkuci bokitansa, ya cije leɓe, ya danne ɗingishin, ya tafi a miƙe iyakar iyawarsa.